Baki Biyu a Gida Ɗaya: Nazarin Abin da Ya Faru a Wata Masana'antar Man Gyaɗa a Maraɗi

A tsakiyar watan Nuwamba na 2023 wani dattijon ɗan kasuwa a nan Maraɗi ya aiko a kira ni, kuma saƙon da ɗan aiken ya kawo bai da tsawo: Alhaji yana so in zo in duba masa littattafan masana'antarsa ta matsar man gyaɗa, domin yana zargin ana yi masa sata. Duba lissafin shaguna da ƙananan masana'antu shi ne sana'ata, kuma na saba da irin wannan kira, don da wuya mai dukiya ya ga riba ta ja baya bai fara tunanin ɓarawo ba. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne buhunan gyaɗar da ke shiga gidan ba su ragu ba, amma jarkokin man da ke fita sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma an kai wata uku ana haka. Na shafe mako shida ina shiga gidan ina fita, daga baya kuma na ci gaba da leƙawa har bayan azumi. Da yardar masu gidan nake rubuta wannan, bisa sharaɗin ba zan ambaci sunan masana'antar ko sunan wani mutum a cikinta ba.

Masana'antar ba babba ba ce. Mutum 24 ne ke cin abinci a cikinta: maza 9 a kan injinan ɓare gyaɗa da suya da matsa, mata 10 masu sheƙa da tsince ƙwaya, ƴan dako 3, mai kula da mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, da mai gadi. Ana sayo gyaɗa daga kasuwannin karkara, a ɓare ta, mata su sheƙe su tsince ruɓaɓɓiya da tsakuwa, a soya ta a cikin ganga mai juyawa a kan wutar itace, sannan a zuba ta a injin matsa, mai ya fito ta ƙasa, tunkuza ta fito ta baki. Man ana barinsa ya kwanta, a tace, a ɗura a jarkoki. Tunkuzar kuwa mata masu ƙuli-ƙuli ne ke saye a bakin ƙofa, abin da ya rage masu kiwo su kwashe. Kusan rabin ƙwayar gyaɗa mai ne, amma babu injin da ke iya tatse shi duka, saboda haka ribar irin wannan gida tana rataye ne a kan yawan man da aka bari ya tafi a cikin tunkuza.

Ba za a fahimci abin da ya faru ba sai an san irin makarantar da Alhaji ya yi. Ya taso ne a zamanin da gyaɗa ke riƙe da Maraɗi, lokacin da kamfanin SONARA, wanda gwamnati ta kafa a 1962, ke tattara gyaɗar ƙasar yana fitarwa waje. Yana saurayi ya zama baran wani babban mai sayen gyaɗa, yana bin kasuwannin ƙauye da tiya da buhu, ba shi da albashi tsayayye, amma ubangidansa ne ya yi masa aure, shi ya yanka masa ragon sunan fari, shi kuma ya ba shi jari ranar da ya sallame shi. Da farin 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa, sai ya bi sahun sauran alhazan garin zuwa fataucin kaya tsakanin Maraɗi da Katsina da Kano, bai komo kan gyaɗa ba sai da girma ya fara kama shi. Da irin riƙon da aka yi masa yake riƙon mutanensa. Ma'aikaci a wurinsa ɗan gida ne: idan matarsa ta haihu ko uwarsa ta kwanta asibiti, ƙofar Alhaji yake nufa, kuma da wuya ya komo hannu sake. Ba ni cikin masu raina wannan tsari, domin na ga gidajen da ke da takardu cif-cif amma babu ma'aikacin da zai ɗaga tsinke saboda maigidan, na kuma ga yaran Alhaji sun kwana cikin ruwan sama suna kwashe buhuna ba tare da wani ya umarce su ba. Sai dai tsari ne da ke buƙatar maigidan ya kasance a tsaye kullum, idonsa a kan komai, bakinsa shi ne doka.

A farkon 2023 ƙafa ta fara hana Alhaji zama a masana'anta, sai ya kira babban ɗansa, wanda ya gama karatun jami'a a fannin tafiyar da kamfani, ya ce masa ya bar masa gidan. A cikin zaure aka yi wannan magana, su biyu rak. Ba a tara ma'aikata an gaya musu ba, ba a fayyace abin da ya koma hannun ɗan da abin da ya rage a hannun uban ba. Ma'aikata dai sun wayi gari sun ga yaron da wasunsu suka goya yana zaune a kan teburi da littafi, suka sa masa suna Darakta, suka ci gaba da kallon Alhaji a matsayin mai gida.

Abubuwan da Darakta ya shigo da su, a takarda, babu na zargi. Ya buɗe rajistar zuwa da tashi, ya sa a riƙa auna gyaɗa kafin ta shiga inji, ya hana ba da abansi, wato kuɗin da ma'aikaci ke karɓa kafin wata ya ƙare, domin ya tarar da wasu sun ci albashin wata biyu gaba. Ya kuma mayar da biyan mata masu tsince ƙwaya a kan yawan buhunan da kowacce ta gama, maimakon kuɗin yini. Amma duk dokar da ya kafa da rana, kafin hantsin gobe an warware ta. Wanda aka hana abansi yakan tari Alhaji a ƙofar masallaci bayan sallar asuba, ya durƙusa ya kai kuka, Alhaji kuma ya aika wa mai kula da mangaza cewa a ba shi. Wanda aka rubuta wa latti yakan bi hanya ɗaya. Cikin ƴan makonni kowa ya gane cewa maganar Darakta ba ita ce ta ƙarshe ba, shi kuwa da ya ga ana taka umarninsa sai ya ƙara tsanani, yana zaton laushinsa ne ya jawo.

A cikin wannan tsanani ne ya yi kuskuren da ya fi kowanne tsada. Babban mai inji, wanda kowa ke ce wa Baba, ya fi shekara 30 tare da Alhaji, kuma shi ne ya kafa injin matsar da hannunsa. Wata rana a watan Mayu ya makara saboda jana'izar maƙwabci, Darakta ya rubuta masa latti, da Baba ya buɗe baki zai yi bayani sai ya katse shi a gaban yaran da Baban ya koya wa aiki, ya ce a nan kowa daidai yake da kowa. Baba bai ce uffan ba, bai kuma kai ƙara wurin Alhaji ba. Daga ranar ya daina ba da shawara.

Da a ce zaman lafiya ya ɗore, da wataƙila gidan ya ci gaba da tafiya a haka shekara da shekaru, yana ɗingishi ba wanda ya lura. Amma ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ranar 30 ga wata ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi, aka rufe iyakoki, kuma a farkon Agusta Nijeriya, wadda a lokacin take ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na wutar lantarkin da take amfani da ita, ta katse layukanta, har da wanda ya taso daga Katsina yake ciyar da Maraɗi. Wuta ta koma ta rabo, unguwa-unguwa, tana iya zuwa tsakar dare ta ɗauke kafin asuba. Hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, wadda ta nan kayan gyaran inji ke shigowa daga Kano, ta toshe. Abinci ya yi tsada, saboda haka buƙatar abansi ta ƙaru a daidai lokacin da aka hana shi. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon wannan gida ya riga ya tsage tun kafin a ɗauke wuta.

Makon farko na ƙare shi a kan littattafai da ma'auni, ban samu ɓarawo ba. Buhunan da aka rubuta sun shiga, sun shiga. Jarkokin da aka ɗura duk an sayar an rubuta. Mai gadi da mai kula da mangaza, waɗanda zargin ya fi karkata a kansu, hannunsu tsaf yake. Abin da ya buɗe mini ido layin mata masu ƙuli-ƙuli ne a bakin ƙofa. Mai gadi ya ce mini layin ya ninka tun cikin damina, har daga unguwanni masu nisa ake zuwa, kuma da na tambayi wata tsohuwa dalili sai ta ce tunkuzar gidan nan ta fi ta ko'ina albarka, domin idan ta murza ta kafin suya tana samun man da za ta soya ƙulin har ta sayar da ragowa. Na damƙi tunkuzar a hannuna na matsa, tafin hannuna ya yi naso. Man da Alhaji ke nema ta babbar ƙofa yake fita, da rana tsaka, a kan kuɗin tunkuza.

Sanin inda man ke tafiya bai wadatar ba, sai an san abin da ya sa, don haka na nemi izinin kwana a masana'antar, na kwana uku. Ga abin da na gani. Da safe Alhaji yakan bugo waya ya ce a soya gyaɗa, domin haka aka saba shekara da shekaru, kuma ba wanda zai ce masa a'a. Sai a soya ta a jibge, babu wutar da za a matsa. Gyaɗa kuwa da ɗuminta take sakin mai; idan ta huce ta kwana, injin ba ya samun abin da ya kamata daga jikinta. Can wajen ƙarfe ɗaya ko biyu na dare wuta ta zo, Darakta ya bugo daga gida ya ce a kunna yanzu-yanzu, a zuba da yawa kafin a ɗauke. Injin matsa yana so a fara shi a hankali, a ɗan riƙa zuba masa kaɗan-kaɗan har cikinsa ya yi zafi, amma ba a ba shi wannan lokaci. Idan wuta ta ɗauke yana cike, tunkuzar da ke cikinsa takan sandare kamar dutse in ta huce, kuma maganin abin shi ne a sassauta bakinsa nan take, a juya shi da hannu a zazzage ta tun tana da zafi. Wannan aiki ne mai wuya da ke buƙatar mutum uku ko huɗu masu niyya. Yaran kuwa, da zarar wuta ta ɗauke, sai kowa ya nemi buhu ya kwanta. Idan ta dawo a kunna injin a kan sandararriyar tunkuza, ƙarfen da ke murzawa a ciki ya yi ta ci, har ya kai ba ya matsa gyaɗar yadda ya kamata.

Na zauna da ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya, ba a ofis ba, a gindin bishiyar da suke shan shayi. Wani saurayi mai ƙwazo ya ce mini: "Malam, in mun kwana muna jiran wuta, a rajista ba a rubuta muna komi. Sai awan da inji ya yi yana juyawa ake ƙirgawa, sai ka ce a gidajenmu munka kwana." Ya yi gaskiya. Dokar ƙwadago ta 2012 ta ƙayyade aikin mako a kan awa 40, ta kuma ce abin da ya haura a biya shi da ƙari, amma waɗannan yara suna shafe dare huɗu ko biyar a mako a masana'anta ba tare da ko dala ta ƙaru a albashinsu ba. Mutumin da ba a ƙirga zamansa ba, ba za a sa ran zai tashi ya juya inji da hannu ƙarfe uku na dare ba. Shugabar mata masu tsince ƙwaya, wadda suke ce wa Inna, ta ce mini: "Ɗan nan, buhu nawa kika gama ake tambayarmu, ba a tambayar buhu nawa kika gyara." A lokacin kaka ne, sabuwar gyaɗa na shigowa da sauran danshi, kuma gyaɗa mai danshi ita ce ke yin fumfuna, fumfunar da ke haifar da gubar aflatoksin mai lahanta hanta. Wannan ya fi asarar man tayar mini da hankali, domin tunkuzar nan ƙuli-ƙuli take zama, yara kuma su ne suka fi cin sa.

Baba ne na ƙarshe da ya yarda ya yi magana, sai da na bi shi gida. Ya san komai. Ya san gyaɗar da ta huce ba ta ba da mai, ya san ƙarfen cikin injin ya cinye tun watan Satumba, ya ma san mai waldar da zai iya cike shi a nan cikin gari tunda hanyar Kano ta rufe. Da na tambaye shi abin da ya hana shi faɗa, ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce: "Malam, abin da anka ce in yi, shi nike yi. Alhaji ya ce a soya, na soya. Yaro ya ce a kunna, na kunna. Wanda ba a tambaya ba, mi zai ce?" Ban ji ƙeta a muryarsa ba, ciwo na ji. A ganina shirun nan na Baba shi ne asara mafi girma da gidan ya yi, kuma babu littafin lissafin da zai nuna ta, domin duk ilimin da zai iya tsare man yana nan a cikin gidan, a kan mutum ɗaya da aka kunyata a gaban yaransa.

Kai wa Alhaji wannan rahoto bai zo da sauƙi ba, don mutumin da ya aika a kamo masa ɓarawo ba ya son a ce masa da hannunsa a ciki. Na fara da tunkuza, na matsa ta a gabansa, ya ga man da idonsa. Sannan na ce masa: "Alhaji, ranka ya daɗe, yaran nan baki biyu ke ba su umarni, kuma kowane baki yana warware na ɗaya. Ka ba ɗanka gida a cikin zaure, amma a ƙofar masallaci kana karɓewa." Ya yi shiru, sannan ya ce: "To Malam, in yaro ya zo mini da kuka in kore shi? Wani ubansa a hannuna ya cika." Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma da na ce masa ya rufe ƙofarsa da na cuce shi, da na cuci ma'aikatan, da kuma bai yarda ba. Abin da muka yi shi ne raba abu biyu da suka cakuɗe. Alheri na Alhaji ne: suna, biki, rashin lafiya, rasuwa, duk wanda ya zo ya ba shi abin da Allah ya hore daga aljihunsa, ba daga kuɗin masana'anta ba. Aiki kuwa, da lokacinsa da albashinsa da horonsa, na Darakta ne, kuma duk wanda ya kawo ƙarar aiki Alhaji zai mayar da shi inda ya fito.

Da Darakta maganar ta fi tsawo. Yaro ne mai gaskiya da son gyara, amma ya ɗauka cewa yin adalci shi ne a yi wa kowa magana da murya ɗaya. Na nuna masa cewa rubuta wa Baba latti ba shi ne laifin ba, inda aka yi maganar da yadda aka yi ta su ne laifin, kuma shugaban da ke ba da umarnin kunna inji daga kan gadonsa, alhali bai taɓa kwana ya ga yadda ake fama da shi ba, bai kamata ya yi mamaki ba idan aka bi umarninsa aka bar masa asarar. Ya kwana biyu yana jayayya, a na uku ya ɗauki ƙanin mahaifinsa da goro suka tafi gidan Baba. Ban je ba, kuma ban tambayi abin da aka faɗa ba. Washegari dai na ga Baba ya kwance injin, ya ɗora ƙarfen a kan babur ya nufi wurin mai walda.

Ranar wata Asabar a farkon Disamba aka kawo Alhaji masana'anta, aka ajiye masa kujera a tsakar gida, aka tara kowa har mai gadi. Da bakinsa ya faɗa cewa daga yau maganar aiki ta ɗansa ce, wanda ya bi shi ya bi Alhaji, kuma kada wani ya sake tare shi da ita. Sannan Darakta ya miƙe ya faɗi abin da ni kaina ban zaci zai iya faɗa a bainar jama'a ba: a kan inji, maganar Baba ce ta ƙarshe, shi zai ce a soya, shi zai ce a kunna, kuma yana da ikon tsayar da aiki ko da Darakta ne ya ce a yi. Haka kuma Inna ce za ta duba kowane buhu kafin ya wuce wurin suya, buhun da ta mayar ba ya shiga lissafi, aka kuma ƙara kuɗin buhun da ya wuce domin kada gyara ya zama hasara ga matan. An raba mazan gida biyu, masu rana da masu dare, ana juyawa duk mako. Aka ce zaman jiran wuta aiki ne kuma za a rubuta shi. Aka sa wa aikin dare ƙari. Abansi ya dawo, amma da iyaka: sau ɗaya a wata, kada ya wuce sulusin albashi, kuma a rubuce. Sai ɗan taro na minti goma kowace safiya, a tsaye, inda masu dare ke faɗa wa masu rana halin da suka bar inji, Baba da Inna su faɗi abin da suka gani, Darakta ya saurara kafin ya yi magana.

Kafin ƙarshen Disamba man ya koma kusa da yadda yake a da, layin masu ƙuli-ƙuli kuma ya ragu, har wasu daga cikinsu suka yi ta ƙorafi. Amma ban ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa gyaran ya kama ba, domin gyaran ƙarfe kaɗai zai iya kawo rabin wannan. Ainihin gwajin ya zo ne a watan Janairu, lokacin da wani ɗan ƴar'uwar Alhaji da ke cikin masu dare ya bar wurin aiki ya tafi kallon ƙwallo, wuta ta ɗauke, aka rasa hannun da zai taimaka a zazzage inji. Darakta ya kira shi ofis, su biyu, ya yanke masa kuɗin daren. Da asuba yaron ya tari kawunsa a ƙofar masallaci kamar yadda aka saba, gidan duka kuma ya zuba ido. Alhaji ya saurare shi har ya gama, ya tambaye shi lafiyar uwarsa, sannan ya ce masa ya koma wurin yayansa. Kafin hantsi labarin ya zaga masana'anta, kuma daga ranar ban sake jin wani ya kai ƙarar aiki masallaci ba.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Samari biyu daga cikin mafi ƙwazo sun riga sun bar aiki tun watan Oktoba, ɗaya ya koma kabu-kabu, kuma ko da aka aika musu ba su dawo ba. Alhaji kansa ya yi tuntuɓe sau ɗaya a watan Fabrairu: wani tsohon abokin cinikinsa ya roƙe shi mai cikin gaggawa, sai ya bugo wa masu suya kai tsaye ya ce a ɗora ganga. Bambancin wannan karon shi ne yaron da ya ɗauki wayar ya ce masa, cikin ladabi, bari ya faɗa wa Baba, Baba kuma ya kira Darakta, aka shirya aikin yadda ya dace aka kai man washegari. Haka nan ƙarin mafi ƙarancin albashi da ya fara aiki a Janairun 2024, daga sefa 30,047 zuwa 42,000, wato jaka 42, ya tilasta sake lissafin albashin ƴan dako da mai gadi a lokacin da kasuwa ba ta da daɗi. An yi shi, amma sai da uba da ɗa suka kai ruwa rana.

CEDEAO ta ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairu 2024, a watan Maris kuma wutar Nijeriya ta dawo aka buɗe iyaka, daidai lokacin da azumi ya kama kuma neman mai ya ƙaru. Aikin dare ya ragu sosai, sai wasu suka kawo shawarar a daina taron safe tunda abin da ya kawo shi ya wuce. Inna ce ta ƙi, ta ce a wurin nan kaɗai ne ake jin bakin mata, aka bar shi.

Da na koma bayan sallah na tarar da abu biyu a buɗe. Na farko shi ne rajistar ma'aikata a asusun CNSS, wato asusun ƙasa na fansho da tallafin ma'aikata: maza bakwai kawai aka yi wa, matan da ƴan dako har yanzu ana ɗaukarsu a matsayin masu aikin yini, ko da yake wasunsu sun haura shekara goma a gidan, kuma na faɗa wa Darakta a fili cewa wannan ba daidai ba ne. Na biyu shi ne wanda zai gaji Baba, domin idonsa ya fara rauni kuma shi da kansa ya ce a ba shi yaron da zai zauna kusa da shi shekara biyu. Alhaji yana son ɗan ƴar'uwarsa, wancan da aka yanke wa kuɗin dare. Baba ya nuna wani yaro ɗan Tibiri da ba shi da dangantaka da gidan, ya ce shi ne ke gane ciwon inji daga jin ƙararsa. Bisa tsarin da aka faɗa a tsakar gida, zaɓin na Darakta ne, kuma ranar da na baro su bai yanke ba tukuna.